Tsokar bayan cinya ta ɗaure: wace miƙa ce ta fi aiki?

Tela_Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu sani. Ni tela ne, wuni nake bisa keke, da yamma kuma in an samu hali ina buga balo da samarin unguwa. Bayan cinyoyina ya ɗaure tamau, har in na yi ruku'u sai na ɗan lanƙwasa gwiwa kafin bayana ya daidaita. Na yi tambaya, kowa da tasa amsar. Wani ya ce in ɗora ƙafa bisa benci in duƙa in tsaya cik. Wani ya ce an daina wannan, yanzu wurga ƙafa gaba da baya ake yi. Wani kuma da ya taɓa zuwa wurin kine, wato masu gashin ƙashi na asibiti, ya ce akwai wadda za ka danna ƙafarka a kafaɗar mutum sannan ka saki. To wacce ta fi? Ba ni da lokacin yin duka.

Kabukabu_Bagalam:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka riga ni a baki, maigida. Mu da muke wuni bisa moto haka abin yake, in na sauka da magariba sai na yi taku kaɗan a duƙe kafin in miƙe. Ina nan ina jiran amsa.

Malamin_Wasanni:
Ta farkon ita ce taka, ɗan'uwa, amma yawancin mutane ba sa yin ta daidai. Kada bencin ya wuce tsayin gwiwarka. Ka ɗora diddige, ƙafar a miƙe amma ba a ƙame ba, yatsun ƙafar da ke ƙasa suna kallon gaba. Sai ka buɗe ƙirji ka duƙa daga kwankwaso, cibiyarka ce za ta nufi cinya, ba goshi ba. Abin da nake fama da shi wurin ɗalibai ke nan kullum: yaro ya yi doro ya kai goshi ga gwiwa, yana murna ya taɓa yatsu, alhali gadon bayansa ne ya lanƙwashe, cinyar ko a jikinta. In ka yi daidai, tun ba ka duƙa sosai ba za ka ji ja a tsakiyar bayan cinya. Nan za ka tsaya, kana numfashi, har sakan 30.

Wannan sakan 30 ɗin ba da ka na faɗe shi ba. A 1994 wasu masana biyu a Amurka, Bandy da Irion, sun gwada sakan 15 da 30 da 60, kwana 5 a mako har mako 6. Masu sakan 30 da masu 60 sun fi masu 15 sakewa, kuma 60 bai fi 30 da komai ba. A 1997 sun sake gwadawa, suka ga sau ɗaya a rana ma ya wadatar. Minti ɗaya ke nan ga ƙafa biyu. Wane tela ne zai rasa minti ɗaya?

Koci_Zariya:
Malam, da girmamawa, amma ka manta mutumin ya ce yana buga balo. Ni ba na barin yarana su tsaya cik suna jan tsoka kafin wasa. Tsokar da aka ja ta daɗe, minti ɗaya ko fiye, ƙarfinta yana ɗan raguwa na ɗan lokaci, kuma a lokacin ne kake son ta tashi da gudu. Mu abin da muke yi: sassarfa zagayen fili, sannan kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa ya riƙa wurga ƙafa gaba da baya, a fara ƙasa-ƙasa ana ƙara tsayi, kamar sau 10 zuwa 15 kowace ƙafa. Sai tafiya ana ɗaga ƙafa a miƙe, sai gudun da diddige ke taɓa ɗuwawu. Jiki ya yi ɗumi, ƙafa ta sake, a shiga fili.

Malamin_Wasanni:
Koci, ban musa maka ba, kafin wasa taka ce. Amma ba shirin wasa ya tambaya ba, ɗaurewar da ta zauna masa ya tambaya. Wurga ƙafa tana sakin jiki na ɗan lokaci, gobe da safe ya koma gidan jiya.

Yar_Kine:
Sannunku da ƙoƙari. Aikina ke nan, don haka bari in sa baki. Abin da muke kira tsokar bayan cinya tsoka uku ce. Suna tasowa daga ƙashin nan da mutum ke zama a kansa, wanda kake ji yana taɓa benci in ka zauna, su sauko su wuce gwiwa su kama ƙashin ƙauri, biyu ta ciki ɗaya ta waje. Gaɓa biyu suke ratsawa, kwankwaso da gwiwa. Shi ya sa mai wuni a zaune, gwiwa a lanƙwashe, ba ya kai su iyakar tsawonsu ko sau ɗaya daga safe har dare.

Ta ukun da aka faɗa wa Malam Tela ita muke kira PNF. Wani likita a Amurka, Herman Kabat, shi da wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Margaret Knott, suka fito da tsarin a shekarun 1940 domin masu shan inna, daga baya 'yan wasa suka ɗauka. Ga yadda take: ka kwanta rigingine bisa tabarma, mai taimakonka ya ɗaga ƙafarka a miƙe har ka ji ja, ya ɗora diddigenka a kafaɗarsa. Sai ka danna diddigen ƙasa, shi kuma ya tare kada ƙafar ta motsa, sakan 5 zuwa 10. Ba da dukkan ƙarfinka ba, rabi ma ya isa. Sai ka saki, ka fitar da numfashi, ya ƙara ɗaga ƙafar kaɗan ya riƙe sakan 20 zuwa 30. A maimaita sau 3.

A take a wurin, ita ce ta fi nuna bambanci, mutum yana tashi zai ga ƙafarsa ta ƙara hawa. Amma in an yi makonni ana yi, tazarar da ke tsakaninta da ta Malamin Wasanni ba ta da yawa. Wadda mutum zai iya dawwama a kanta ita nake ba shi.

Dattijon_Tibiri:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, kin yi bayani. Ni tsohon ɗan kokowa ne. Mu da munka tashi da labarin Kantu, wanda ya ɗauko wa Maradi takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975, ba mu san sunan ko ɗaya cikin abubuwan ga ba. Noman duƙe da ɗibar ruwa a rijiya su sunka sakar muna jiki. Amma wanga abu na ɗora ƙahwa bisa kafaɗa muna yin shi kahin a shiga hili. Gargaɗina guda ne: ka san wanda za ka ba ƙahwarka. Na ga yaro mai ƙarhi da abokinai ya danne mai ƙahwa da wasa, yana kuwwa ana dariya, shekarar nan bai yi kokowa ba. Wanda ke kwance shi ka cewa a tsaya, ba wanda ke tsaye ba.

Yar_Kine:
Gaskiya ne, Baba. Wannan ita ce illar PNF a hannun wanda bai iya ba. Ja ake nema, ba zafi ba. In mutum ya fara riƙe numfashi ko ya yamutse fuska, an wuce wuri.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ke ba ni mamaki, ku maza kuna ta lissafin sakan, ga kakata a ƙauye wajen Madarunfa ta haura saba'in, tana shara da guntuwar tsintsiya, gwiwa a miƙe, tafin hannunta har ƙasa. Haka take wanki, haka take tsince ƙasa a gero. Ni da nake aikin ofis, ko zoben da ya faɗi zan ɗauka sai na tsuguna. Anti Kine, mu mata masu zaman kujera fa, wacce za mu yi? Ba zan iya fita tsakar gida ina wurga ƙafa ba, ga surukai.

Yar_Kine:
Hajiya, taki mai sauƙi ce, a ɗaki ma. Ki kwanta bisa tabarma, ki rataya ɗankwali ko zane a tafin ƙafa, ki jawo ƙafar sama a miƙe, ɗayar tana shimfiɗe a ƙasa. Bayanki yana kwance, babu abin da zai same shi. Ita kuwa kaka, kullum tana kai tsokar iyakarta tun tana yarinya, shi ya sa ba ta taɓa ɗaure mata ba.

Dan_Kasuwa_Sabongari:
Ku bar wahalar da kanku. Sanyi ne ya shiga jijiya. A je wurin wanzami ya yi ƙaho a bayan cinyar, a shafa man zafi, shi ke nan. Ni haka na yi na ji daɗi.

Dan_Balo_Tasawa:
Alhaji, a yi hattara da wannan shawara. Ni ina cikin gudu na bi ƙwallo na ji wani abu ya tsinke a bayan cinyata, nan take na zube. Aka kai ni wurin wani mai tausa, ya murje wurin da man zafi iya ƙarfinsa, ya kama ƙafar ya ja, wai jijiya ce ta hau kan jijiya. Washegari cinyar ta kumbura, jini ya kwanta baƙi ƙirin har bayan gwiwa. Kakar wasan nan a bakin fili na ƙare ta.

Yar_Kine:
Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Taka ba ɗaurewa ba ce, tsokar ce ta yage, kuma wadda ta yage ba a jan ta. Kwana biyu ko ukun farko ƙanƙara a cikin tsumma, ɗauri mara matsi sosai, hutu, ba tausa ba zafi. Bayan nan a fara motsa ta a hankali, a bi da ƙarfafa ta. Duk wanda ya ji zafi farat ɗaya cikin gudu, ko ya ga jini ya kwanta, ya ajiye maganar miƙa tukuna.

Alhaji kuma, ban ce ba ka ji daɗi ba. Ɗumi da tausa suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci. Sai dai in ka koma ka zauna a shago daga safe har la'asar, abin da ya kawo ɗaurewar yana nan.

Dan_Kasuwa_Sabongari:
To, na ji. Amma ƙaho dai ba zan bari ba.

Direban_Dakoro:
Ni tawa daban ce ko kuwa? Ina jan mota hanyar Dakoro. Ƙafar dama kaɗai ke damuna, daga ɗuwawu abin yake tasowa ya bi bayan cinya har sha-raɓa, wani lokaci yatsu su riƙa tsikari ko su sage. Na daɗe ina yin ta bencin nan da Malam ya faɗa, amma duk ranar da na matsa mata, daren nan ba barci.

Yar_Kine:
Yaya direba, ka dakatar da ita daga yau. Abin da ka kwatanta ya fi kama da siyatik, babbar jijiyar da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya ta bi ta ɗuwawu ta sauka bayan cinya har tafin ƙafa. Ita ce mafi kauri a jikin mutum, kuma hanyarsu ɗaya da tsokar da muke magana, shi ya sa ake rikita su. Tsoka tana son a ja ta a riƙe, ita wannan ba ta so.

Ga gwaji. Ka zauna a bakin kujera, ka saki baya ka sunkuyar da kai, ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsu wajenka. In abin ya taso, kada ka motsa ƙafar, kai kawai za ka ɗaga ka kalli sama. In ka ji ya lafa, to ba tsoka ba ce, domin tsokar cinya ba ta da haɗi da wuya, ita kuwa jijiyar tana haɗe da laka har sama. Irin wannan ba ja muke yi ba, zarya muke sa ta yi, kamar zare a kafar allura: ka miƙe gwiwa kana ɗaga kai, ka lanƙwasa kana sunkuyarwa, a hankali, ba tsayawa, kamar sau 10. Amma kafin komai ka je asibiti a duba bayanka. In kuwa ka ga ƙafar tana rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya fara gagarar riƙewa ko fita, wannan ba ta jiran gobe ba ce, ranar za ka tafi.

Direban_Dakoro:
Na gwada yanzun nan a tasha. Ina ɗaga kai ya sake ni. Na gode ƙanwata, zan je in sha Allah.

Dalibin_Likita:
Ina karatu a jami'ar Dan Dikko Dankulodo. Akwai abin da nake so in ƙara wanda zai iya ba ku mamaki. Binciken da Magnusson da abokan aikinsa suka yi a Danmak tun shekarun 1990 ya nuna cewa bayan 'yan makonni ana miƙa, ƙafa tana ƙara hawa, amma taurin tsokar kanta bai canja ba. Abin da ya canja shi ne jurewar mutum, ƙwaƙwalwa ta daina ganin wannan jan a matsayin haɗari, sai ta bari a wuce. Ke nan miƙar Malam da ta Anti Kine duk hanyar lallashin jijiyoyi ce, ba ƙara wa tsoka tsawo ba.

Kabukabu_Bagalam:
To in haka ne wahalar banza muke shirin yi ke nan?

Malamin_Wasanni:
Ina banza a nan? Mutum ya ce ba ya iya daidaita baya a ruku'u. In bayan mako 6 ya iya, buƙata ta biya, ko tsoka ce ta ƙaru ko ƙwaƙwalwa ce ta yarda. Sai dai wannan magana ta ɗalibi ta nuna dalilin da ya sa in ka bari abin yake dawowa.

Koci_Zariya:
Yauwa, ɗalibi ya kawo ni inda nake so. Sau da yawa tsokar da ake cewa ta ɗaure, rashin ƙarfi ne da ita. Ku nemi atisayen da ake kira Nodik. Ka durƙusa bisa abu mai laushi, wani ya danne maka idon sawu, jikinka a miƙe daga gwiwa har kai, sai ka riƙa tafiya gaba a hankali kana tare kanka da bayan cinya, in ka kasa ka tare ƙasa da hannu. Tsokar tana aiki tana kuma miƙewa a lokaci guda. A Danmak a 2011 an gwada shi kan 'yan ƙwallo 942. Ɓangaren da suka yi shi an samu raunin bayan cinya 15, waɗanda ba su yi ba 52. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike da dama ya ce yana rage irin wannan rauni da kusan rabi. Yana ma cikin tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+. Miƙar tsayawa cik ba ta da hujja mai ƙarfi irin wannan wajen kare rauni. Da Dan_Balo ya san shi da wuri, wataƙila da bai zauna a bakin fili ba.

Abu ɗaya: ranar farko kada ka wuce sau 5, ka huta, ka ƙara 5. Kwana biyu bayan nan za ka ji cinya ta yi tsami, wannan ba komai ba ne.

Dan_Balo_Tasawa:
Koci, yanzu shi nake yi kowane antirenma, wato ranar atisayenmu. Amma gaskiya ba na mai kiɓa ba ne ko mai ciwon gwiwa, yana da wuya ƙwarai.

Malamin_Wasanni:
Kuma ba miƙa ba ce, Koci. Mutum ya tambayi miƙa uku, ka kawo masa ta huɗu wadda ke buƙatar mai danne ƙafa.

Koci_Zariya:
Ya sa ƙafar ƙarƙashin gado mai nauyi. Ai ya ce yana buga balo, Malam. Ni tsoron da nake masa ba ruku'u ba ne, ranar da zai tashi daga keke ya faɗa fili ba ɗumi ne.

Dattijon_Tibiri:
Ku kula da lokaci kuma. Da hunturu, da asuba, jiki a sandare yake, kada mutum ya tashi daga barci ya hau jan ƙahwa. A taka tukuna, ko zuwa masallaci da dawowa ne. Da bazara kuwa, zahin watan huɗu, ga gumi, a sha ruwa. Ɗaurewar da ka kama mutum cikin dare ya tashi yana salati ita ma daban ce.

Tela_Mokoyo:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na yi gwajin da Anti Kine ta ba direba, ni ɗaga kai bai canja komai ba, kuma ƙafa biyun ne, ba tsikari. Matsalata da PNF ɗin, yaran shagona ƙanana ne, ba zan ba su ƙafata ba bayan abin da Baba ya faɗa. Akwai yadda mutum zai yi ta shi kaɗai?

Yar_Kine:
Akwai. Ka kwanta a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya ta shige cikin ƙofar tana shimfiɗe, ɗayar ka jingina diddigenta a jikin bango. Ka matso da ɗuwawu har ka ji ja. Ka danna bangon da diddige sakan 5 zuwa 10, ka saki, ka ƙara matsowa kaɗan, ka tsaya sakan 30. Bango ba zai wuce inda ka kai kanka ba. Ko ka yi da rawani yadda na faɗa wa Hajiya, kana danna ƙafar cikin rawanin kana tarewa da hannu. In kuma ka fara jin ciwo a daidai ƙashin zama, ba a tsakiyar cinya ba, ka sassauta, domin wurin da tsokar ta kama ƙashi ne ke ƙorafi kuma ja yana ƙara masa. Sannan duk abin da ka zaɓa, ka riƙa tashi daga keken nan lokaci-lokaci, ko guga ce ka yi a tsaye.

Malamin_Wasanni:
Ni dai har yanzu ina kan ta benci. Bencin yana gabansa a shago, ba sai ya nemi ƙofa ya kwanta kwastoma na shigowa ba. Abin da ke kusa da hannu shi ake yi kullum.

Uwar_Biyu:
Na gwada ta ɗankwalin da daddare, ƙafar hagu ta fi ta dama tauri nesa ba kusa ba. Haka yake ga kowa?

Yar_Kine:
Ana samun haka sosai, Hajiya. Ki ba ta hagun zagaye ɗaya na ƙari.

Kabukabu_Bagalam:
Mu fa da ba mu da benci ba mu da ƙofa, sai bakin titi? Zan iya ɗora ƙafa bisa moton?

Koci_Zariya:
Sirdin ya yi tsayi, zai sa ka murɗe ƙugu. Ka ɗora diddige a matakin fasinja ko bisa dutsen bakin titi, ka dafa moton, ka duƙa daga kwankwaso yadda Malam ya ce. Amma ka fara wurga ƙafar sau 10 tukuna, tunda daga zama ka sauko.

Malamin_Wasanni:
A tasha cike da mutane zai tsaya yana wurga ƙafa, Koci? Ya taka zuwa wurin mai shayi ya dawo, ya isa ɗumi.

Kabukabu_Bagalam:
Zan gwada duka biyun gobe in Allah ya kai mu. Anti Kine, in fasinja ya zo ban cika sakan 30 ɗin ba, in sake daga farko ko in ci gaba daga inda na tsaya?